Littafin da Habu Ya Bar wa Rukayya

Shekara bakwai ke nan da muka kai Habu makwancinsa, kuma bana ne karo na farko da na tuna shi na ji kunya ta rufe ni.

Tare muka yi aiki a wata masaƙa a Challawa, shi a sashen rini, ni a sito. Idan an tashi cin abincin rana, gindin darbejiyar bakin ƙofa muke zama mu biyar ko shida, Habu yana karanta mana littafi da hannunsa shuɗi saboda rini. Wanda muka fi so shi ne na wani tsohon direba da ya rubuta tafiyarsa daga Kano zuwa Agadas har cikin Sahara. Mu da ba mu taɓa wuce Daura ba, har musu muke yi kan wace rijiya ce ta fi ruwan daɗi.

Habu yana da doka guda: ba ya ba da aron littafi sai ka kawo wani a madadinsa. Mun sha ce masa marowaci. Amma saboda dokar nan, ba mu taɓa gama littafi mun rasa na gaba ba.

Yanzu masaƙar a rufe take, awaki ke kiwo a harabarta. Darbejiyar ma an sare.

Watan jiya 'yarsa Rukayya, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta same ni a gida a Na'ibawa, riƙe da littafin direban nan. Shatin yatsun mahaifinta yana nan a gefen shafukan.

"Baba Sani, sau uku na karanta shi. Umma ta ce ku ne za ku san wanda ya kamata in bi da shi."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Muka tafi kasuwa muka shiga shagunan littattafai, amma daga na jarrabawa sai na soyayya. Na yi ta faɗa ina zagin zamani, ina cewa yaran yanzu ba sa karatu. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To ku wanne kuke karantawa yanzu? Sai in ara."

Ni da yanzu nake rubutu a jarida, rabona da gama littafi tun Habu yana raye. Lokacin nawa gidan kallon ƙwallo da danne-dannen waya suka cinye. Da Habu zai leƙo yau, ba na jin rufe masaƙar zai fi ba shi haushi. Ni zai kalla ya girgiza kai, kamar yadda yake yi idan rini ya ɓaci.

A hanyar komawa na ce ta ba ni aron na direban in sake farawa da shi. Ta ƙara rungume shi.

"Ku yi haƙuri, Baba. Umma ta ce dokar gidanmu, sai an kawo wani."

Habu bai bar gida ba, bai bar fili ba, amma dokarsa tana raye a bakin yarinyar da ba ta ma gama saninsa ba. Allah Ya jiƙansa. Gobe Asabar zan sake shiga kasuwa, don har yanzu ba ni da abin da zan kai mata.