Ambulan Ɗin Kofur Ilu

Har yau ban manta da ranar da aka ce mu ɗaure kaya ba. Lokacin ina saje, akawun rundunarmu a bariki nan Kaduna, damina ta yi tsakiya. Umarni ya zo daga sama cewa mu shirya, wataƙila za a tsallaka iyaka.

Ku da kuka shigo aiki jiya, ga yadda abin yake. Shugaban ƙasa shi ne babban kwamanda, amma fitar da soja yaƙi wata ƙasa sai majalisa ta amince. Mu namu jira ne. Al'adarmu kuma, kafin tafiya kowa zai rubuta wasiyya ya liƙe a ambulan, ni in adana.

Da Kofur Ilu ya miƙo tasa, na duba adireshin. Sunan mahaifiyarsa ne, a wani gari bayan iyaka, kan hanyar da za mu bi.

Na ce, "Ilu, in an ce a tafi fa?"

Ya ce, "Oga, na yi rantsuwa. Zan hau mota. Amma kullum ina mafarkin tana shanya gero a ƙofar gida, ta ɗago kai ta gan ni da kaki."

Na kai wa Manjo, kwamandanmu, maganar. Ya ce, "Saje, ba ni na ba da umarnin ba, ba ni zan janye shi ba. Je ka yi addu'a."

Kwanakin nan sun wuce mana kamar a mafarki. Motoci a jere, yayyafi na sauka kan tamfol, rediyo a kunnen kowa. Ilu yakan zauna yana kallon hadari yana tafiya arewa, ba mai tambayar hadarin takarda a iyaka. Ni da na saba zagin 'yan majalisa da cewa surutu kawai suka iya, sai ga ni ina roƙon Allah ya ƙara musu surutun.

Ran nan da hantsi labari ya zo, majalisa ba ta amince ba. Na mayar wa kowa ambulan ɗinsa. Ilu ya nemi hutu, ni da kaina na raka shi tashar Kawo, yana sanye da jallabiya, riƙe da ƙullin goro na tsaraba.

A nan na gane cewa soja ba ya iya cewa a'a, shi ya sa dole a sami masu faɗar ta a madadinsa. Ilu ya tsallaka iyakar kuwa, amma da sallama ya shiga gidan uwarsa.