Injin da Ya Sha Irin Gyaɗata

A shekarar da rana ta yi husufi da tsakar rana, damina ta ɗauke da wuri. Da rani ya shigo, tabkin Madarumfa ya ja baya, ya bar garkata ta albasa can nesa da ruwa. Ina da tsohon injin ban ruwa da na samo a Maraɗi, amma gazuwal, man da yake sha, ya yi wuyar samu. Na je tashar mai sau uku da bido, wato jarka, na dawo da shi wayam.

Bakaniken da ke duba mini injin ya ce, "Malam, wannan ai ba ya da zaɓen abinci. Ko man gyaɗa ka ba shi, sha zai yi."

Gyaɗar da ta rage mini buhu biyu ce, kuma ta iri ce. Na kwana biyu ina duban albasa tana kwantawa, sannan na kwance bakin buhu.

Mai ɗakina ta ce, "Maigida, injin ne zai yi maka shuka baɗi?"

Na ce albasa za ta sayo wani irin.

Ta ce, "To, Allah ya ba albasa lafiya."

Ta soya, ta daka, ta matse. Mace ce da ba ta zubar da komai, don haka ta mulmula tunkuzar, ta sa gishiri da barkono, ta toya ƙuli-ƙuli a cikin man, kamar yadda uwarta ta koya mata. Wannan man na ɗura wa injin. Bakanike bai ce a tace ba, ni kuma ban tambaya ba.

Injin ya yi tari, ya tashi. Ruwa ya bi fangali. Hayaƙin ya cika bakin tabki da ƙamshin suya, har wani masunci ya taho da kwalekwale yana tambaya ina mai tuyar take. Na nuna masa injin. Ya daɗe yana kallo, ya ce a gaishe ta.

Kwana goma sha ɗaya muka yi haka. Na buɗe buhu na biyu. A rana ta goma sha biyu da hantsi injin ya shaƙe, ya yi shiru. Bakanike ya zo ya kwance shi, ya lakato wani baƙin abu mai danƙo, ya shinshina.

Ya ce, "Wa ya sa masa yaji?"

Ƙarfen da ya lalace sai a Kano, kuma ba a samu ba. Muka koma jan ruwa da tulu, ni da ita, tun asuba. Fangali takwas na kusa da tabki muka iya riƙewa.

Da damina ta sauka, gonar gyaɗa ta zauna babu shuka. Abin da ya tafi: buhu biyu na iri, injin ɗaya, fangali talatin da biyu na albasa, da noman gyaɗa na shekara guda.