Guntuwar Bindigar da Na Zaɓa Ranar Sallah

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma, lokacin da nake ganin daga Ka'akiyya har Kudai, unguwanninmu na nan Makka, babu mai wayona, abu ɗaya ne ya hana ni sakat a duniya. Ina so in zama zabit a wasan lungunmu.

Wanda bai tashi a unguwarmu ba, bari in yi masa bayani. Yaran wasu wurare 'yan sanda da ɓarayi suke yi. Mu wasan igama muke yi. Igama ita ce katin izinin zama a ƙasar nan, kuma tun kafin mu iya karatu mun san sunanta, don kullum a bakin manya take. Zabit, wato babban ɗan sanda, shi ne zai tsaya a bakin lungu da bindigar wasa, ya tare ka ya ce, "Igama!" In ka ciro murfin kwalbar lemo, ka tsira. Da gangan muke zuba murafen yadda ba za su ishi kowa ba, wanda bai samu ba sai gudu. Doka ɗaya ce: wanda bindigarsa ta fi ƙara ranar ƙaramar sallah, shi ne zabit har sallar baɗi.

Shekara biyu abokina yana riƙe da wannan muƙami. Gidansu na kallon namu, tare muke zuwa haddar masallaci, tare ake zane mu, amma da ya ɗora wata tsohuwar hular gadi da muka mayar ta zabit a kansa sai ya manta ya taɓa sanina. Ni yake fara kamawa. In ba ƙarya na yi ba ya kama ni sau dubu uku, har da ranar da nake fama da mura.

To a wannan sallar na ƙudurta sai na karɓe hular. Ana saukowa daga idi na zaga gidaje na tara idiyyata, goron sallah kenan, ban ko tsaya karin kumallo ba na nufi shagon wani tsoho da ke sayar da kayan wasa a bayan masallaci. Ammi muke ce masa. Tsohon soja ne daga Nijar, ya biyo ta Chadi da Sudan tun ba a haifi babana ba. In ka yi masa Larabci sai ya yi kamar kurma.

"Ammi, abga musaddas," na ce.

"Da wa kake? Ni ban ga Balarabe a nan ba."

"Bindiga nake so, Ammi. Wadda ta fi kowacce ƙara."

"Yauwa, yanzu na ji ka. Yaƙi za ka je?"

Ya jera mini guda uku a kan kwalin sabulu, a hankali, kamar mai jera zinare. Ta farko baƙar roba ce mai dogon hanci, mara nauyi, tana harba ƙananan duwatsun roba. Ta biyu mai fitila ce da jiniya, ko kallonta ban yi ba, wannan ta ƙannena ce. Ta ukun kuwa, jama'a. Ƙarfe ce, fara tas, guntuwa kamar an datse mata hanci da zarto, bakinta kuwa babban yatsana yana shiga. Tana da tulu mai juyawa a tsakiya, inda ake saka jan zobe mai ɗigon albarushi. Da na ɗauke ta sai da hannuna ya yi ƙasa.

Ammi ya tura mini mai dogon hancin. "Wannan ce ta yara masu hankali. Ka saita gwangwani, ka same shi, kowa ya tafa maka."

"Wannan fa?"

"Wannan libarba ce. An kwaikwayi wata ta gaske da ake ce wa magnum." Ya karɓe ta, ya juya tulun da yatsa, ya yi ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ni kuwa zuciyata ta tafi. "Sau ɗaya na taɓa harba irinta, ta wani hafsanmu. Ka ga hancin gajere ne, harsashin kuma ƙato. Albarushin ba ya gama ci a ciki, sai ya fito waje ya ƙarasa. Wuta ta fito kamar ta maƙera, hannuna ya tashi sama ya kusa fasa mini goshi, kunnena ya yi kwana uku yana kiɗa."

"Abin da ka harba fa, ka same shi?"

"Tulun ƙasa ne aka ajiye mana. Har muka bar barikin ana shan ruwa a cikinsa."

Ni duk wannan labarin ban ji gargaɗi a cikinsa ba. Wuta kawai na ji, da ƙara. Ya sake gwada ni, ya ce mai dogon hanci ta fi sauƙin riƙewa, ya ce ƙarfen nan zai yaga mini aljihun sabuwar jallabiya, ya ce uwata ba za ta gode masa ba. Na ce na ji, na gani, ita nake so. Ya girgiza kai ya naɗe mini ita a takarda da zobba biyar.

"Ka harba ta a fili, yaro. Kar ka harba ta inda akwai rufi."

Na ce to. Ni kuwa ko a lokacin, in na ce to da sauri, ba na nufin komai.

Aka taru a filin bayan tankin ruwa, mu kusan goma sha biyu, kowa da fararen kaya. Abokina ya harba tasa, ta ce fas, yara suka yi ihu. Na fito a hankali, na buɗe ƙafafu yadda na gani a talabijin, na rufe ido ɗaya, na ja kunamar. Wallahi tantabarun unguwar ba su dawo ba sai bayan azahar. Wani yaro ya haɗiye alewarsa. Ni kaina na ji kamar in ajiye bindigar in gudu, amma na daure na hura bakinta.

Abokina ya cire hular ya miƙo mini, fuskarsa a murtuke. "Wannan ai ba bindiga ba ce, tayar mota ce ta fashe."

"Ka yi magana da ladabi, zabit kake yi wa magana."

Aka watsa murafe. Ba sai na faɗa muku wanda na sa wa ido ba. Na taka murfin da ya kusa ɗauka, aka gama rububi ya tashi hannu wayam, ya kalle ni, ya zura a guje. Na bi shi, hular tana rufe mini ido, jallabiya a baki. Ya shiga lungu, ya yi kwana, sai ya yi abin da dokar wasa ta haramta: ya faɗa gidansu ya rufo ƙofa.

Ƙofar gidansu ta ƙarfe ce, a ƙarƙashin wata matattakala mai rufi, wurin da ko tari ka yi sai ya dawo maka ninki uku. Na tsaya a nan. Na buga ƙofar da gindin bindigar sau uku da dukkan ƙarfina. Na ƙanƙance maƙogwaro na fitar da muryar da ban san ina da ita ba, na ce da Larabci, "Iftah al-bab! Taftish! Igama!" Wato a buɗe ƙofa, bincike ne. Sannan na saki harbi biyu a jere.

Daga nan sai lungun ya yi wani abu da ban taɓa gani ba. Tagogi suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku da ke shan shayi a kan tabarma suka ɓace, suka bar kofuna suna tururi. Wani maƙwabcinmu mai ƙiba, wanda ke ɗaukar rabin yini kafin ya hau bene ɗaya, na ga ƙeyarsa tana shan kwana kamar ɗan ƙwallo. Har na fara dariya. Sai na ji gudu a cikin gidan, sama-sama har rufin ɗaki, sai wani tim, sai muryar mace tana salati.

Abin da ban sani ba, ko in ce na sani amma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba, baban abokina ba shi da igama. Ya zo aikin hajji tun yana saurayi ya zauna, yana ɗaukar wa alhazai kaya a tashar motocin Kudai. Yana zaune yana cin abincin sallah da iyalinsa sai ya ga ɗansa ya shigo a guje yana haki ya banko ƙofa, sannan ya ji duka, ya ji harbi, ya ji kalmar da ya yi shekaru yana jira. Bai tsaya tambaya ba. Ya hau sama ya dira rufin maƙwabta, ƙafarsa ta gurɗe.

Da aka buɗe ƙofar, mahaifiyar abokina ce. Ta dubi sama inda take zaton ganin fuskar mutum, ba ta ga kowa ba, ta sauke ido ta gan ni da hula har hanci. Na juya na tafi gida da tafiyar da ba ta zabit ba.

Labari ya riga ni isa. Mahaifiyata tana tsaye a tsakar gida tana ɗaura mayafi. Na shirya wa duka, har na fara kukan tun kafin a fara, don a rage.

"Share hawayenka, ba yanzu ba," ta ce. "Ɗauko abin nan ka wuce gaba."

"Umma, wallahi wasa ne."

"Na sani. Shi ya sa za ka je ka ga wasan."

Mun tarar an sauko da shi an kwantar a tabarma, sabuwar jallabiyarsa duk ƙura, idon sawun ya kumbura kamar ƙullin biredi. Asibiti ba maganar da za a yi ba ce, saboda a can ma kati za a fara tambaya. Mai ɗorin unguwa aka kira, yana murzawa, baban abokina yana cije leɓe. Mutanen da suka gudu suna ta dawowa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa shi dama masallaci ya nufa.

Na durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri."

"Kai ne hukumar?" Ya miƙo hannu. "Mu ga."

Na ba shi. Ya jujjuya ta, ya auna nauyinta a tafinsa, ya leƙa bakin. Sai ya fara dariya, dariyar da take sa shi riƙe ƙafa. "Wannan 'yar abar? Shekara ashirin ina tsere wa manyan motocin 'yan sanda, yau ɗan maƙwabcina ya kama ni da abin da bai kai cokali tsawo ba." Kowa ya yi dariya, har mahaifiyata. Abokina ne kawai bai yi ba. Yana tsaye a jikin bango yana kallon ƙafar babansa.

Da dariyar ta lafa, baban ya miƙo mini bindigar ya ce a hankali, "Ka zaɓi mai kyau, ɗana. Amma kalmar nan, ku daina wasa da ita a bakin ƙofofi."

Dukan ya zo da yamma, kada ku ɗauka an yafe. Sati uku baban abokina bai je Kudai ba, sati uku kuma ni ke kai musu kwanon abinci daga gidanmu safe da rana. Kwana huɗun farko abokina karɓa kawai yake ya rufe ƙofa. A na biyar na ɗora hular a kan murfin kwanon na miƙa masa.

"Riƙe abarka," na ce.

"Ba na so."

"Ni ma ba na so."

Muka tsaya muna kallonta kamar mushe. A ƙarshe ya ce, "Shigo, akwai sauran alewar sallah," na shiga. Hular ta kwana a kan matattakala, washegari wani ya rataye ta a ƙusa, babu yaron da ya taɓa ta. Tun daga ranar ba a sake yin wasan igama a lungunmu ba. Muka koma ƙwallo, inda abokina ya ci gaba da wulaƙanta ni ta wata hanyar.

Idan na lissafa, mulkina bai wuce minti goma ba, kuma mutum ɗaya na kama, shi ma ba ya cikin wasan. Na daɗe ina ba da labarin nan don a yi dariya, kuma har yanzu ina yi. Sai da na ƙara girma na gane cewa mu yara muna ta gudu a lungu muna shewa da abin da yake hana iyayenmu cin abinci cikin natsuwa, su kuma suna kallonmu ta taga ba su taɓa hana mu ba. Ban san me ya sa ba. Wataƙila ba sa so mu san nauyinsa da wuri.

Bayan shekara biyu abokina da iyayensa suka koma Nijar gaba ɗaya, wasu mutane ne yanzu a gidan mai ƙofar ƙarfe. Muna magana a waya, Hausarsa ta yi kauri, yana yi wa tawa dariya. A sallar da ta wuce ya ce mini babansa na nan lafiya, ya buɗe ɗan shago, yana zama a bakin ƙofa da rana tsaka ba ya waiwayen kowa. Sai dai in sanyi ya shigo ƙafar takan motsa masa. Wai sai ya shafa ta ya ce, "Ku kira mini Makka, ku gaishe da zabit."