Malt da Madara Sun Kusa Raba Ni da Sitiyari

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa na yi kuɗi na manta da ku, Allah Ya amsa bakinku. Ciwo ne ya ɓoye ni.

Taifod na fara yi, na tashi a rame. Maƙwabciyarmu a Trikania, Mama Chidi mai shago, ta dube ni ta ce wa matata Hadiza, "Madam, oga ba shi da jini. Ki ba shi malt da madara, safe da yamma." Wa zai yi musu? Duk Kaduna an san wannan haɗin.

Sai cikina ya fara kugi, ga kumburi, ga zawo.

Ni direban bas ne, Kaduna zuwa Abuja. Ba na wuce Kakau sai na faka na ruga daji, fasinjoji na ta tsaki. Mai motar ya ce in ban warke ba in kawo makulli. Da motar nan nake ciyar da gidana.

Ina ƙara ramewa, Hadiza na ƙara madara.

A asibiti an gwada jini, an gwada bayan gida, an yi hoton ciki. Aljihu ya girgiza, ba a ga komai ba. Wallahi na tsorata. Na sa wa raina kansar hanji ce, har na fara tunanin wa zai riƙe min yara.

Wata likita ce ta tambaye ni abin da nake ci. Da na ambaci haɗin, sai ta ajiye biro.

Ta ce hanjin jariri yana da sinadarin da ke narkar da sukarin madara. Bayan yaye yakan ragu a jikin mutane da yawa, har da dabbobi, kuma ciwon ciki na iya ƙara rage shi. "Malam, an daɗe da yaye ka. Bar madara mu gani."

Kafin mako ya zagayo cikin ya yi shiru.

Hadiza har da kuka. "Ashe da hannuna nake ba ka ciwon." Na ce soyayya ce ta yi yawa.

Alhamdulillah. Na gode wa likitar nan, da duk wanda ya yi min addu'a, har da Mama Chidi da ta zo gaisuwa da lemo da ayaba.

Shawarata, in za ku ga likita ku faɗi duk abin da kuke ci, har wanda kuke ɗauka magani ne. Ba kowane ciki ne ke karɓar madara ba.

Jiya na kai Abuja ban tsaya ko'ina ba.