Ranar da Na Faɗi a Ɗakin Wankin Ciwo

Tun ina sakandare aka daina kirana da sunana a gidanmu. "Likita" kowa ke cewa, har kakata da ba ta yarda da allura ba. Laifina ɗaya, na zo ta ɗaya a darasin kimiyya sau biyu a jere, shi ke nan aka yanke mini hukunci. Da na samu gurbi a jami'a a Dutsin-Ma, ilimin tsirrai aka ba ni. Baba ya ce ba komai, a fara da wannan, in shekara ta zagayo a koma aikin jinya. Malami ne, yana da makaranta a ƙofar gidanmu a Kurfi, kuma ba ya maimaita magana. In ya faɗi abu sau ɗaya, ya zauna.

Shekara kuwa ta zagayo. Aka samo mini fom na makarantar koyon jinya, aka ce ranar Litinin za a mayar da shi a cike. Ni kuma a cikin shekarar nan wani abu ya same ni wanda ban faɗa wa kowa ba: karatun ganyen da ake yi wa dariya ya shiga raina. Ina iya wuni a gonar gwaji ina duba abin da ke cin wake, ban san rana ta yi ba. To amma wa zai tsaya gaban Baba ya ce ya fi son tsutsar wake a kan farar riga?

Sai na ce bari in je wurin Hajiya. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a bakin garinmu, ƙawar Innata, ita ce ma ta karɓi haihuwata. Tun ina ƙarama nake kwaikwayon tafiyarta, da yadda take magana a gajarce maza su yi tsit. Gaskiya ba shawara na je nema ba, zuga na je nema. So nake ta faɗa mini maganar da za ta sa in cika fom in daina waiwaye.

Ranar Alhamis da safe na hau bas daga Dutsin-Ma. Na tarar da layi har waje. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lahiya lau, ɗiyata. Mi ya rabo ki da makaranta tsakiyar mako?"

"Hajiya, shawara na zo nema a kan aikin nan naku."

"Shawara ba ta gudu. Wanke hannunki ki riƙe mani wannan."

Ta miƙo mini farantin ƙarfe mai auduga da almakashi. Aka shigo da wani dattijo manomi daga Birchi, gatari ya goce ya same shi a ƙwauri. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya danna wani ganye a kai. Na gane ganyen, har na tuna sunansa na boko, na ji daɗin kaina. Sai Hajiya ta ɗaga ganyen. Abin da na gani ke nan na ƙarshe.

Na farka a kan benci, an ɗaga ƙafafuna a kan kwali, hijabina ya jiƙe da ruwa. Dattijon nan, an riga an ɗinke shi an naɗe, shi ne ya leƙo yana cewa, "Sannu yarinya, Allah shi ba ki lahiya." Mai ciwo ke yi wa mai jinya sannu! Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai da layi ya ragu Hajiya ta zauna kusa da ni, ta ba ni kunu mai zafi a kofi.

"Karo na nawa ke nan?"

Na so in yi ƙarya, idonta ya hana ni. Na ce na uku. Na farko ranar da aka feɗe ɓera a ɗakin gwaji, na biyu da ƙawata ta yanke yatsa tana yanka albasa.

Ta ce, "Faɗuwar ba ita ce ta dame ni ba. Ni ma makona na farko amai na yi ta yi. Amma ni ina farfaɗowa nake komawa in ga yadda aka ɗinke. Ke tun da kika buɗe ido ƙofa kike kallo. Faɗa mani, mi kike so?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi ta zuba, wake, tsutsa, irin da ke jure fari, har kunun ya huce. Ta bar ni na gaji don kaina, sannan ta ce, "Kin ga, tun da kika shigo sai yanzu na ji muryarki."

Sai kuka ya ƙwace mini, kukan daɗi da tsoro a haɗe. Na ce, "Baba fa?"

"Wannan ba maganar ɗiya ba ce. Ki bar mani."

Bayan la'asar ta zo gidanmu. Ta fara zama da Inna, sannan aka aika aka kira Baba daga zaure. Ni ina ɗaki bayan labule. Hajiya ba ta yi sauri ba. Ta tambayi ɗalibai, ta tambayi damina, ta tambayi ciwon gwiwarsa. Sai can ta kawo zancen, ta faɗi abin da ya faru, ba ragi ba ƙari.



"Faɗuwa ta yi?" in ji Baba.

"Warwas, Malam. Har da farantina."

Sai na ji abin da ban zata ba. Dariya yake yi, a hankali, irin ta wanda aka kama.

"Hajiya, shekara nawa kina shigowa gidan nan da Babbar Sallah? Kin taɓa ganin wuƙa a hannuna?"

Inna ta tuntsire. Ni kuwa sai a lokacin na gane shi ma ba ya iya ganin jini. Duk shekara ƙaninsa ke yanka mana ragon layya, Baba kuma sai ya tuna yana da baƙi a zaure. Mu duk mun ɗauka girmama ƙani ne.

Ya kira ni, da sunana na yanka. Na fito na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Mi ya hana ki faɗa mani?"

"Tsoro nake kar in ba ka kunya, Baba."

Ya ce in kawo fom ɗin. Ya duba shi gaba da baya, ya miƙa wa Hajiya, ya ce ta ba wadda zuciyarta za ta iya ɗauka. Sannan ya dube ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Da kin tafi kin yi ta faɗuwa a asibitin mutane don ki faranta mani, da ban yafe wa kaina ba. Koma ki yi karatunki."

Na yi masa godiya. Inna ta ce in tashi in ci abinci, tun safe ban sa komai a cikina ba sai kunu.