Baƙon Shafin Kawu

Kawuna mai gyaran rediyo ne, amma a intanet da Mai Eriya aka san shi. A ƙuryar shagonsa, tsakanin tulin sifiku da ƙaurin dalma, akwai wata tsohuwar kwamfuta. A kanta yake rubuta bulog ɗinsa kan rediyoyin da.

A lokacin, masu bulog zaman maƙwabta suke yi. Akwai malamar asibiti mai rubutu kan renon jarirai, da direban babbar mota mai labarin hanya, da wata mai baitoci da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta. Ƙa'idarsu ɗaya ce: ba ka sa sabon rubutu a shafinka sai ka amsa wa duk wanda ya yi maka sharhi. Kawu kan bar rediyon mutane a buɗe, hanji waje, yana amsa gaisuwa.

Sannu a hankali kowa ya watse, aka koma inda ake dangwala hoto a wuce. Shafukan suka yi tsit.

Rannan na leƙa shagon, na tarar yana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Tallan takalma ne, irin wanda na'ura ke watsawa, ya faɗo masa a wurin sharhi, shi kuwa ya rubuta: "Sannu da zuwa, ya iyali?"

Haushi ya kama ni. Na ce, "Kawu, wannan fa na'ura ce, ba mutum ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Amma bana shi kaɗai ya shigo."