Shukar Alhaji a Kwanakin Takaba

Da aka yi addu'ar bakwai mutane suka watse, gidanmu na Kabara ya rage daga ni sai yayar mijina. Yara sun koma gidajen aurensu da wuraren aikinsu. Ita kuwa Yaya, da ma mijinta ya daɗe da rasuwa, sai ta kwaso kayanta daga Zaitawa ta ce za ta zauna da ni har in fita takaba. Wata huɗu da kwana goma.

Na shafe shekaru ina koyarwa a firamare, kullum ƙarfe bakwai na safe ina kan hanya. Yanzu iyakata ƙofar soro. Yaya ba muguwa ba ce, amma mai dokoki ce. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, wannan na sani. Sai ta ƙara da nata: kada in tsaya a bakin ƙofa, kada in hau bene shanya, kada in ɗaga murya a waya. Na san wasu ba sa cikin littafi, amma ba ni da ƙarfin musu. Da hantsi nakan zauna a tsakar gida ina jin hayaniyar 'yan makaranta a lungu, ina kallon ɗan gutsuren sama da ke tsakanin katangarmu da benen maƙwabta.

A mako na biyu na buɗe ɗakin mijina Alhaji don in share, sai na ga shukarsa a kan kanta.

Alhaji ɗan kasuwar atamfa ne. A wata tafiyar saro kaya da ya yi ƙasar Tailan ya zo da ita a cikin gorar roba. Ya ce sunanta okid, amma shi “mai zare” yake ce mata. Ba don fure ake ajiye ta ba, don ganye ne. Ganyen baƙi-baƙi ne mai laushin karan-miski, da jijiyoyi ja-ja masu ƙyalli, kamar an bi su da zaren gwal. Shekara shida yana kula da ita, ban taɓa tambayarsa yadda yake yi ba. Tsokanarsa ma nake yi, ina cewa ko miya ba a yi da ita.

Na ɗauko ta na kai tagar ɗakina inda rana ke shigowa, a zatona gata na yi mata. Lokacin bazara ne, zafi kamar a bakin murhu. Cikin mako uku ganyen ya koɗe, ya koma kamar tsohon zanen da ya sha wanki. Ƙyallin jijiyoyin ya tafi. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara mata ruwa. Ta ƙara langaɓewa.

Akwai masu sayar da furanni a bakin titi bayan Ƙofar Nassarawa, tafiyar da ba ta kai a hau komai ba. Na ce wa Yaya zan saka hijabi in kai musu su duba, yanzu in dawo.

“Asibiti ne?” ta tambaye ni.

“A'a, Yaya.”

“To Malama, ki zauna. A ce matar ƙanina ta fita cikin takaba saboda ciyawa?”

Na koma ɗaki na yi kuka, kukan da ko ranar rasuwar ban yi irinsa ba. Da na gaji na kira babbar 'yata da ke Kaduna, na tura mata hoton shukar. Ta bincika ta kira ni da la'asar. Ta ce a ɗauke ta daga rana, kada a ba ta ruwan rijiya saboda gishirinsa, kuma kada a ƙara mata ruwa sai ƙasar ta fara bushewa.

Na mayar da ita inuwa, na daina ba ta ruwa. Kwana biyar, kwana shida, kullum na sa yatsa sai in ji ƙasar sharkaf. Ganye biyu suka yi ruwan ɗorawa suka zube. Na rasa gane kan abin. Ba ni da wani aiki sai shi, don haka sai ya cika mini kai. Ina sallah ina tunaninsa.

Wata Laraba na shiga wanka, sai na tuna na bar soso a ɗaki, na dawo. Na tarar da Yaya a durƙushe gaban shukar, da 'yar jarkar zamzam ɗin da ta yi shekara tana ɓoyo a ƙasan adakarta. Tana tsiyayawa a hankali, bakinta na motsi.

“Yaya, ke ce?”

Ta zabura, ruwan ya zuba a zaninta.

“Tun ranar da kika fito da ita,” in ji ta. “Na ga tana mutuwa. Ni na goya Alhaji, Malama. Ni na yaye shi da Inna ta kwanta ciwo. Ban iya yi masa komai a asibiti ba.”

Na zauna kusa da ita a kan tabarma. Na gaya mata abin da 'yata ta ce, cewa yawan ruwan ne ke kashe ta. Ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce, “Ashe ni ce.” Na ce mu biyu ne, ni na fara da rana.

A ranar muka zazzage tukunyar a kan faranti. Saiwar ta ruɓe, ta yi baƙi, tana wari. Yaya ta kawo sabuwar reza, hannunta ya fi nawa tsayawa, ita ta yanke ruɓaɓɓen. Kara uku suka rage masu ɗan ƙwari. Muka daka gawayi, muka haɗa da ɓawon kwakwa, muka kwantar da su a kai, muka kife da babbar kwalba don laima ta zauna. Da ruwan farko ya sauka, Yaya da kanta ta tara shi a baho.

Dokokinta ba su sassauta ba ko kaɗan. Na ci gaba da zama tsakanin ɗaki da tsakar gida, ina cire takardar kalanda. Abin da ya canza kawai shi ne kowace safiya mukan ɗaga kwalbar tare mu duba, mu yi gardamar ko a ba ta ruwa ko a bari.

Kara biyu suka bushe. Na ukun ya zauna shiru har ana saura kwana tara in fita, sannan ya fito da ɗan ganye a naɗe, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Da ya buɗe jijiyoyinsa na ƙyalli, amma tsofaffin ganyen ba su dawo da launinsu ba.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na saka kwalli, na je gaida dangi. A titi ƙarar babura ta sa ni jiri, sai da na dafa katanga. Washegari Yaya ta ɗaure kayanta. A bakin soro ta juyo ta ce in shukar ta yi reshe in yankar mata ɗaya. Sai bayan shekara biyu ta yi, na kai mata har Zaitawa a cikin kofi.